Mushe Saley a Ɗakin Madubai

Vénissieux, 22 ga Yuli 2003

Yaya Maazou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Husainatu, da yara, da aiki. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi da ya taso mu gaba.

Na san za ka yi mamakin takardata. Raliatou ce, ɗiyar Mushe Saley, malamin makarantar boko na Tahoua. Kakarka mai suna Turai da kakata ciki ɗaya suka fito, amma rabona da kai tun sunan ɗanka na fari, shekara shida ke nan. Adireshin shagon ɗinkinku wajen wata ƴar Maraɗi na same shi, mai sayen atamfa a unguwarku.

Baba yana wajena tun farkon wata. Ganin likita ya kawo shi, an kuma gama. Ran 27 ga Agusta jirginsa zai tashi daga Paris. Ka san shekara talatin da huɗu ya yi yana koyarwa a lakwal, kai ma ka zauna ajinsa. Ka tuna hoton nan da ya yanko daga kalanda ya manna kusa da allo, na fadar Versailles, ɗakin nan mai madubai? Tun da ya sauka ba shi da zancen da ya wuce shi. Bai ce a kai shi ba, ka san halinsa, ba ya roƙo. Amma kullum sai ya tambaye ni awa nawa ne daga nan Lyon zuwa can.

Na nemi konje, wato hutu, a dapon kayan da nake aiki, shef, shugabarmu, ta ce rabin mutane sun tafi hutu, babu mai motsawa sai Satumba. Ni kuwa aikina na wucin gadi ne, in na tafi ba za a sake kirana ba. Shi ya sa na zo gare ka. In za ka iya karɓarsa kwana goma, zan sa shi jirgin ƙasa ran Asabar 2 ga Agusta. Don Allah ka kai shi da wuri. Lokaci ya ƙure masa, abin da bai gani ba a wannan zuwa ba zai ƙara gani ba. Ka riƙe masa hannu.

Da takarda za ka ba ni amsa, kada ka kira. Talho yana falo, kusa da kujerar da yake wuni a kai.

Ƙanwarka,
Raliatou

La Goutte d'Or, 25 ga Yuli 2003

Ƙanwata Raliatou,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun ji daɗi ƙwarai. Muna lafiya, Husainatu tana gaishe ki, ta ce laifinki ne da ba ki zuwa.

Wannan ai ba abin roƙo ba ne. Baba Mushe ubana ne, ko da yake har yanzu in na tuna bulalarsa sai na gyara zama. Ɗakinmu biyu ne a hawa na biyar, babu asansar, da ƙafa ake hawa, amma za mu ba shi gadonmu, mu koma wajen yara. Zancen lokaci kuma kada ki damu. Na san yadda biza take, wata uku kamar kwana uku ne. Kwana goma sun isa a ga Versailles har a ga ƙarfen Eiffel a kan hanya. Ni kaina shekara goma sha ɗaya ina Paris ban taɓa zuwa ba, ga shi dalilinsa zan je.

Ki rubuta masa lambar wagon, wato taragon da zai zauna, a takarda. Zan tsaya a bakin jirgi.

Yayanki,
Maazou

La Goutte d'Or, 5 ga Agusta 2003

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Baba ya iso lafiya, yana cin abinci, yana barci, sai dai hawa biyar ɗin nan yana ba shi wuya. A gar, tashar jirgin ƙasa, na tsaya dab da shi ina ɗaga hannu, ya bi ta gabana ya wuce kamar bai san ni ba, sai da na kira sunansa. Na ce a raina girman kan nan na mushen lakwal yana nan bai tafi ko'ina ba.

Jiya muka je Versailles, kuma kunya ta hana ni barci. Na zaɓi Litinin don ita ce ranar da aiki yake da sauƙi a shago. Baba ya tashi tun asuba, ya sa farar riga da hula, ya goge takalmi da kansa. Muka ɗauki metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canza jirgi, muka yi tafiyar ƙasa cikin rana. Da muka isa na ga filin babu layi, har na yi murna na ce mun riga kowa. Ashe ran Litinin ba a buɗe fadar. An rubuta a allo ƙarara, kowa ya sani ban da ni.

Baba bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni, "Mi aka rubuta?" Na karanta masa. Ya dafa ƙarfen ƙofa, ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce, "To, mun ga ƙofa." Na ce mu shiga lambu, shi a buɗe yake. Ya ce ba itace ya zo gani ba, akwai itace a Tahoua.

Sauran satin nan ba zan samu fita ba. Kayan biki uku ne a kaina, kuma duk masu tafiya gida hutu suna son ɗinkinsu kafin jirgi. Sai Lahadi. Baba yana wuni tare da mu a shago, ya zauna bakin tebur kusa da talho, shi ke amsa kira da Faransancinsa na littafi, har mai shago yana cewa mun samu sakatare. Kada ki damu, kwana shida ba wani abu ba ne.

Maazou

Vénissieux, 8 ga Agusta 2003

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata zafin nan bai kwantar da kowa ba, mu nan a dapo mutum biyu suka faɗi jiya.

Sau uku ina kiran shagonku daga kabin ɗin talho na bakin titi, sau uku Baba ke ɗauka. Sai in gaishe shi in aje. Don haka zan rubuta abin da ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, Allah ya yafe mini.

Ba girman kai ya sa ya wuce ka a gar ba. Bai gan ka ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin sa, an kuma zo a makare. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli, shi ma ba a sa ran zai kai ƙarshen shekara. Babu aikin da za a yi, sai maganin ɗigawa. Abin da nake nufi ke nan da na ce lokaci ya ƙure, ba biza ba. Da na ce ka riƙe masa hannu, hannun nake nufi, na jikinsa.

Ba ya son a sani. Ya ce mutumin da ya koya wa rabin gari karatu ba za a ja shi da sanda a gaban ɗalibansa ba. A nan ya haddace yawan matakan bene, ya san inda kowane kofi yake, har baƙo ba ya gane komai.

Don Allah kada ku je ran Lahadi. Wata abokiyar aikina ta ce ranar ce aka fi cika, ga wannan zafi da tele ke cewa yana kashe tsofaffi. Ka bari sai Talata da sassafe, ko da zai sa ya ƙara kwana. In kun shiga, ka tsaida shi wuri ɗaya, ka juya masa fuska inda abin yake, ka ba shi lokaci. In ya tambaye ka abin da ke gabansa, ka faɗa masa kamar hira kuke, kada ya gane ka sani.

Allah ya sa takardar nan ta riga Lahadi.

Raliatou

La Goutte d'Or, 11 ga Agusta 2003

Raliatou,

Muna lafiya, Baba ma da sauƙi yanzu. Ban ji daga gare ki ba tun takardata ta ran biyar, ina fata lafiya. Gobe da safe zan sa shi jirgi kamar yadda aka shirya. Gara ki ji yadda aka yi daga bakina.

Jiya mun koma. Ƙarfe tara muka isa, muka tarar da mutane kamar an yi shelar rabon abinci. Motocin ƴan yawon buɗe ido sun jeru har ba a ganin ƙarshensu. Layi ya yi lanƙwasa huɗu a cikin filin duwatsu, babu inuwa ko ta sandar fitila. Awa biyu da rabi muka yi a tsaye. Ruwan da Husainatu ta ba mu ya zama kamar na shayi. Wata tsohuwar Baturiya ta sulale a gabanmu aka ɗauke ta. Na ce Baba mu haƙura, ya ce shi ɗan Adar ne, ba rana ce za ta kore shi ba. Sau biyu yana tuntuɓe a duwatsun nan, na kai hannu ya ture.

Ciki ya fi waje. Ba tafiya ake ba, tura mutum ake daga ɗaki zuwa ɗaki, ƙirjin wani a bayanka, jakar wani a fuskarka, ga warin zufa da turare. Kowane gungu da mai yi masa bayani, yana ɗaga lema yana ihu da yarensa. Ni ban ga komai ba sai ƙeyar mutane da hannaye a sama da na'urar hoto. Baba yana ta magana shi kaɗai, wannan ɗakin kaza ne, na gaba ɗakin kaza, ya san su bi da bi kamar gidansa.

Da muka shiga ɗakin maduban sai ya ci birki a tsakiyar hanya. Ya ce mita saba'in da uku ne tsawonsa, madubi ɗari uku da hamsin da bakwai, a nan aka sa hannu a takardar ƙare yaƙin duniya na farko. Mutane suna ta bangazarsa. Sannan ya juyo ya ce, "Maazou, ɗaga kanka. Mi kake gani a sama?"

Na ce zane ne, Baba.

Ya ce, "Zanen mi? Wane launi? Sarkin yana ina, a zaune ko a tsaye?"

Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Da wannan muryar ya tsaida ni gaban aji shekara talatin da suka wuce, ran da na kasa kawo sunayen kogunan Faransa, yara suna dariya. Daga shekarar na bar lakwal. Yanzu ina da furfura, na bar aikin mutane, na sha rana, kuma a yi mini jarrabawa a gaban Turawa? Na ce, "Baba, ga shi nan a gabanka, ka duba da kanka. Ni tela ne, ba ɗan lakwal ba." Ya ce, "Haka ne."

Na juya don in nemo mana hanya, wani gungu ya ratsa tsakaninmu, da na waiwaya babu shi. Na so in koma baya, taro bai bari ba, hanya ɗaya ce kuma gaba take yi. Haka aka tura ni har waje. Na yi ta bayani wa masu tsaro, suka yi kirki, ɗaya ya kira ƴan uwansa ta rediyo. Sai bayan kusan awa ɗaya aka fito da shi, wata ma'aikaciya tana riƙe da gwiwar hannunsa. Ta ce a jikin taga ta same shi a tsaye, ya ba maduban baya, hularsa ta faɗi an tattake. Wai ya ce mata yana jiran ɗansa.

Muka kama jirgi muka juyo. Da muka iso gida ya sha ruwa ya kwanta, bai ci tuwo ba. Husainatu ta tambaye shi yadda ya ga wurin, ya ce, "Akwai mutane."

Na san bai kamata in ɗaga masa murya ba, zan kuma ba shi haƙuri kafin ya tafi. Amma ke ma ki faɗa masa duniya ba aji ba ce. An kai shi inda yake so, ya gani, sai a gode wa Allah.

Maazou

La Goutte d'Or, 12 ga Agusta 2003

Raliatou,

Na dawo daga gar na tarar da takardarki ta ran takwas a kan keken ɗinkina. Sau uku na karanta ta. Tawa ta jiya ta riga ta shiga akwatin gidan waya, ba ni da yadda zan dawo da ita. Don Allah in ta iso ki yaga ta. Na san ba za ki yaga ba.

Da safe na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, zafi ne. Na sa shi wagon, na nuna masa lambar kujera da yatsa daga bakin ƙofa na sauka. Da yatsa, Raliatou.

Mi ya sa ba ki faɗa mini tun farko ba? A'a, bar shi, kin faɗa, ni ne ban ji ba. Ki gaya mini abin da zan yi.

Maazou

Vénissieux, 18 ga Agusta 2003

Yaya Maazou,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Husainatu da yara. Zafi ya sauka, har an yi ruwa shekaranjiya. Baba ya iso lafiya, wani fasinja ne ya taimaka masa ya sauko da jaka.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo. Na karanta ta farkon a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na hau bas ina kuka har dapo. Kwana biyu ina rubuta maka amsa ina yagawa. Yanzu fushin ya wuce, don in za a raba laifi nawa ya fi. Na tura makaho wajen mutumin da bai san makaho ba ne, na kuma sa rai zai gane daga layi biyu.

Baba bai kawo ƙararka ba. Ya ce ka yi ɗawainiya, matarka ta iya miyar kuka. Zancen Versailles ne dai ya mutu a gidan nan. Da, ko shayi muke sha sai ya sako shi. Yanzu in na tambaya sai ya ce a ƙara masa sukari. Jiya na ga ya zuba ruwa a gefen kofi, ya tsaya yana jin yadda yake ɗiga a ƙasa, bai kira ni ba.

Ga abin da na yi tunani. Jirginsa ran Laraba 27 ne da rana. Zan turo shi ran Litinin 25, ya kwana biyu wajenku. Talata da sassafe, kafin motocin nan su iso, ka sake kai shi. An ce ƙarshen wata mutane suna raguwa. Ban faɗa masa dalili ba, na ce don kada ya makara ne. Na sake roƙon shef kwana ɗaya tak in raka shi, ta ce in na ga dama in tafi, amma in aje bajena, katin shaidar aiki, a kan tebur. Ko rakiyar ubana filin jirgi ba zan samu ba.

Ban san ko zai yarda ba. Ka gwada.

Ƙanwarka,
Raliatou

La Goutte d'Or, 28 ga Agusta 2003

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na san kin ji daga gida cewa ya sauka Yamai lafiya, ƙanenki ya tarbe shi. Saura abin da ba za su faɗa miki ba.

Ran Litinin na shiga har cikin wagon na same shi. Na gaishe shi tun daga nesa don ya ji muryata. Da muka zo sauka na rasa yadda zan yi, sai na ce jakar ta yi mini nauyi a gefe ɗaya, ya dafa kafaɗata in samu daidaito. Ya ce, "Raliatou ta yi magana." Na ce e. Ya ce, "Ɗiyar uwarta ce." Sannan ya ɗora hannun. Har gida bai sauke ba.

Na shirya komai. Na karɓi rana a shago, maƙwabcinmu mai taksi ya yarda zai kai mu tun ƙarfe bakwai, na sayi ɗan littafi mai hotunan rufin ɗakin, Husainatu ta taya ni muka haddace wane ne a ina. Da magariba bayan mun ci abinci na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ba za ni ba."

Na ce Baba wannan karon babu layi, zan tsaya da kai, duk abin da ka tambaya zan faɗa. Ya ce ranar nan da na bar shi, ya ɗaga kai ya yi ta nema, abin da ya samu ɗan wuri ne kamar tafin hannu, launin ƙasa-ƙasa, da wani abu mai kama da ƙafar doki. Ya motsa ido, ƙafar ta ɓace. Ya juya wajen madubi, ya ga wani tsoho da farar riga mutane suna ture shi, sai da ya daɗe kafin ya gane ko wane ne. Ya ce, "Versailles ɗin da nake koya wa yara ya fi wannan kyau, kuma ya fara lalacewa a kaina. In na koma, sauran ma zai tafi. Ka bar mini abin da ya rage."

Na yi ta roƙo har Husainatu ta taɓa ni na yi shiru. Talatar a shago muka yi ta, yana zaune wurinsa, amma ko sau ɗaya bai ɗauki talho ba.

Jiya na kai shi filin jirgi. Na je wajen masu awon kaya na ce fasinjan nan ba ya gani sosai, a ba shi mai rakiya. Ina tsoron zai ji haushi. Wata mata mai kayan aiki ta zo ta kama hannunsa, ya bi ta. A bakin shingen da ba a bari wanda ba fasinja ba irina ya wuce, na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce shi ma in yafe masa kogunan Faransa.

Suka shiga. Na tsaya jikin gilashi ina kallonsu. Da suka kai wajen masu duba fasfo ya tsaida matar, ya juyo, ya gyara hula, ya ɗaga hannu sama yana murmushi. Amma ba wajena ya juyo ba, wajen wani ginshiƙi ne can hannun hagu, inda babu kowa sai kekunan kaya. Na ruga ina ture mutane don in isa wurin in tsaya. Kafin in kai ya sauke hannun, matar ta juya shi sun wuce.

Ki gaida kanki. In kin samu konje a Satumba ki zo, gadon yana nan.

Yayanki,
Maazou